Kujeru Tara da Kawu Bai Duba Ba

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, gidansa na unguwar Ulaisha a birnin Riyad ya kasa ɗaukar mutane. Ɗaki biyu ne da falo a hawan farko na wani tsohon bene. Maza suka cika falon, suka gangara matakala, takalmansu suka yi layi har bakin titi. Mu mata muna ɗakin ciki tare da matarsa, wadda muke kira Hajiya, ƙofa ɗaya ce tsakaninmu da su. Ni aka ɗora wa dafa gahawa, don haka yawancin kwana ukun zaman makoki a bayan ƙofar nan na yi su, ina miƙa fulas ina karɓar wanda ya ƙare, ina jin duk abin da ake faɗa.

Wani tsohon direba mutumin Maraɗi ya ce tun da Kawu ya taɓa wayoyin motar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ko fitilar ciki ba ta sake ƙiftawa ba. Wani magini ɗan Kano ya karɓe zancen. Ya ce su goma sha biyu ne a ɗaki ɗaya a gidajen leburori na unguwar Sulai, wayar caji da ta fanka da ta butar shayi duk sun cakuɗe a kan gadajensu kamar taliya.

"Wata Juma'a ya zo gaida wani ɗan garinsu, ya ɗaga kai ya ce, 'Ku kwana kuke yi a nan, ko gobara kuke jira?' Juma'a mai zuwa sai ga shi da leda. Ya bi bango ya ɗaure komai. Wallahi ko shayi bai tsaya sha ba."

Aka yi dariya, sannan aka tuna inda ake, aka koma Allah ya jiƙansa.

A rana ta biyu bayan la'asar kafilin Kawu ya zo. Balarabe ne dattijo, tsohon matuƙin jirgin sama da ya yi ritaya, kowa Kyaftin yake ce masa. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa cikin leburori. Ya yi gaisuwa. Sannan ya fara magana a kan Kawu, wanda yake kira Mu'allim, wato malam.

"Jirgin da muka ƙera ni da Mu'allim ya kammala. Asabar ta sama zan tashe shi, don shi. Mai duba jirage ya leƙa duk inda ido ke kaiwa, ya sa hannu. Abokaina suna cewa in kwance komai in sake dubawa, tunda mai aikin ba ya nan. Na ce musu abin da Mu'allim ya rufe, ba na buɗewa. Halas, magana ta ƙare."

Falo ya ɗauka da Masha Allah. Ni kuwa na ajiye fulas ɗin a ƙasa a hankali. A cikin duk mutanen gidan nan ni kaɗai na san akwai wuri ɗaya a jirgin da ba hannun Kawu ne ya yi shi ba.

Kawu yayan Ummata ne. Ya baro Damagaram tun kafin a haife ni, da sana'ar gyaran wutar mota da ya koya a can. Ya yi shekaru a wata warsha a Sulai, wurin gyaran motoci, har Kyaftin ya kai masa wata tsohuwar mota ya ga yadda ya jera mata wayoyi. Lokacin Kyaftin ya yi odar wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu, irin wanda ake aiko wa mutum a cikin akwatuna ya haɗa da kansa. Ya kama sito a Sulai, ya mayar da iƙamar Kawu, wato takardar zamansa a ƙasar, hannunsa. Shekara biyar suka yi a kan jirgin nan su biyu, Kyaftin da ƙarfe da inji, Kawu da wayoyi.

Abin mamaki, Kawu tsoron sama yake ji. In zai je gida ganin dangi, kwana biyu kafin tafiya ba ya iya cin abinci. Kyaftin ya sha ce masa kujera ta biyu tasa ce ranar tashin farko. Kawu yakan ce, "Ni aikina in tabbatar ka sauko. Wanda zai tarbe ka kuwa dole yana ƙasa."

Aljihun gaban rigarsa kullum cike yake da maɗaurai, siraran igiyoyin roba da ake zura wutsiyarsu a kansu a ja su ƙulle. Hajiya takan tsince su a injin wanki, a cikin darduma, har sau ɗaya a cikin kwanon dabino. Abokan tafiyarsu kuma wasu 'yan robobi ne masu kusurwa huɗu, ba su fi farcen babban yatsa ba, da ake kafawa a jikin jirgi a zura maɗauri ta cikinsu ya riƙe waya. Kawu kujeru yake kiransu. Yakan ce waya baƙuwa ce, in ba ka ba ta wurin zama ba za ta nema wa kanta, kuma a jirgi duk inda ta zaɓa wurin da bai kamata ba ne. Jirgi yana kaɗawa, waya tana goga da ƙarfe, yau kaɗan gobe kaɗan, har rigarta ta cinye.

Ba ya jan maɗauri har ya shaƙe waya. Sai ya bar ta yadda za ta ɗan juya tsakanin yatsu biyu. In ya yanke wutsiyar maɗaurin, daidai da kan yake yankewa, sannan ya bi wurin da bayan hannunsa. In ya ji kaifi ya sake. Na taɓa tambayarsa wa zai gani, tunda rufewa za a yi. Ya naɗe hannun riga ya nuna mini damtsensa, duk fararen tabo sirara. Ya ce, "Waɗannan gaisuwa ce daga mutanen da ban taɓa gani ba. Ni ba na son in gaida kowa haka."

Kujerun nan da gam a bayansu suke zuwa, ka ɓare takarda ka manna. Kawu bai yarda da shi ba. Ya ce wanda ya yi gam ɗin bai taɓa wuni a Riyad ba. Duk inda injin huji zai shiga, kusa yake sa wa kujera. Inda ba zai shiga ba, sai ya kankare gam ɗin kamfani ya kwaɓa nasa mai kwalba biyu.

A kan wannan suka yi babban faɗansu shi da Kyaftin. Kawu ya tafi Umra, Kyaftin ya ga aiki na jira, ya manna kujeru arba'in a wuni ɗaya, yana ta murna. Kawu ya dawo ya duba. Ranar Alhamis da za su tashi daga aiki, ya kashe na'urar sanyaya siton, ya kulle. Tsakiyar zafi ne. Ranar Asabar suka buɗe suka tarar da kujeru a zube a cikin jirgi kamar an watsa wa kaji hatsi, wayoyi na reto. Kyaftin ya hau faɗa, wa ya ba shi izinin kashe na'ura, sito nasa ne, jirgi nasa ne, shi ne kafili. Kawu ya bar shi ya gama.

"A takarda kai ne kafilina. A waya ni ne kafilinka."

Kwana uku suna aiki ba mai yi wa wani magana, sai dai a miƙa filaya a karɓa. A rana ta huɗu Kyaftin ya zo da tiren kabsa, shinkafa da nama, ya ajiye tsakaninsu. Daga ranar ya fara kiran Kawu Mu'allim.

Ni sunan mahaifiyar Kawu da Umma aka sa mini, wadda ta rasu wata biyu kafin haihuwata. Saboda haka Kawu bai taɓa kiran sunana ba ko sau ɗaya. Inna yake ce mini. Tun ina rarrafe, in ya shigo gidanmu ni yake fara gaisarwa: "Inna, mun same ku lafiya?" In ya zuba shayi, kofin farko nawa ne. In na yi ɓarna Umma ta ɗauko tsintsiya, bayansa nake gudu, shi kuma ya ce mata, "Ke, a gabana za ki daki uwarki?" Umma takan ce, "Yaya, kai za ka lalata yarinyar nan." Shi kaɗai ne kuma yake zama ya saurari waƙoƙin da nake rubutawa da Larabci, bai fahimci rabinsu ba, amma ya gyaɗa kai ya ce, "Inna dama mai magana ce."

Ina son jirgin nan tun yana ƙashi, amma irin son da ake yi wa wata. In Abba ya kai ni siton ranar Asabar, nakan shiga kujerar matuƙi in rufe ido, in ga Riyad ta ƙanƙance, in ga jan yashi ya miƙe har inda ban sani ba. Kawu yana ƙasa a durƙushe yana yanke wutsiyar maɗaurai. Ban taɓa ganin alaƙa tsakanin abin da nake gani da abin da yake yi ba.

Wata huɗu kafin rasuwarsa suka iso wutsiyar jirgin. Wurin kamar mazurari yake, yana tsukewa. Wayoyin fitilar baya da na wani ɗan injin da ke daidaita jela dole su bi ta ciki, a sama, nesa da igiyar ƙarfen da matuƙi ke ja ya ɗaga hancin jirgi ko ya sauke shi. Kafaɗar Kawu ta riga ta ƙage, Kyaftin kuma ko kansa ba ya shiga. Kawu ya zo gidanmu ya ce da Abba, "Ka ara mini Inna Asabar biyu."

Kujeru goma sha huɗu ne. Ya shimfiɗa mini katako da bargo, ya ba ni tocila ta goshi, ya zauna a bakin ramin yana faɗa mini. A goge alminiyam da samfefa har ya daina sheƙi. A share da sipirit. A jira ya bushe. A shafa gam, a danna.

"Ki danna ki yi istigfari ɗari, Inna. Ba irin na mai sauri ba. In kin kai ɗari ya kama."

Shi yake kwaɓa gam ɗin yana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya a kan wani dogon itace.

Biyar na farko na yi su yadda ya ce. Daga nan wurin ya matse ni, kafaɗuna biyu suna taɓa bango. Zafi ya taru, warin sipirit ya hau mini kai, gumi yana shiga idona. Wayata tana ta motsi a aljihu, ƙawayena suna jirana za mu je gidan tarihi na Murabba da yamma. Na dubi alminiyam ɗin, yana sheƙi tas kamar sabon faranti. Na ce a raina, wane datti ne a nan? Sai na riƙa goga samfefar a jikin katakon da nake kwance a kai, don ya ji ƙarar. Sipirit ban ma buɗe ba. Istigfari kuwa, in na kai ashirin sai in saki. Haka na yi guda tara.

Wannan gogar katakon ita ta fi ci mini rai. Gajiya ba ta koya wa mutum irin wannan ba. Sai da na yi tunani.

Asabar ta biyu na koma na jera wayoyi na ɗaure. Da na ja maɗauri a kujera ta goma, na ji ta ɗan motsa ƙarƙashin yatsana. Na janye hannu da sauri kamar na taɓa garwashi, na wuce ta gaba.

Da na fito, Kawu ya miƙo mini ruwa. Yana da wani ɗan madubi a kan sanda mai miƙewa, da shi yake bin bayan aikin kowa, na Kyaftin, har nasa na jiya. Ya zaro shi daga aljihu.

"Inna, an goge?"

"An goge, Kawu."

"An share?"

"An share."

Ya dubi madubin, ya dube ni. Sai ya yi murmushi ya naɗe sandar ya mayar aljihu.

"Subhanallah. Ni zan bi bayan uwata da madubi?"

A gabana ya ɗauko murfin ya ɗaure shi da kusoshi.

Wata huɗu ina cewa gobe. Ya zo gidanmu ya fi sau goma. Sau ɗaya har na bi shi matakala na ce, "Kawu." Ya juyo da fara'arsa ya ce, "Na'am, Inna?" Na ce ya gaida Hajiya. Na riƙa gaya wa kaina jirgin ba zai tashi yanzu ba, shekara biyar ana cewa saura kaɗan. Na riƙa cewa ƙila gam ɗin ya kama. Ba faɗansa nake tsoro ba, don na san ba zai yi ba. Fuskarsa nake tsoro. Wata Talata bayan azahar ya ce wa Kyaftin ƙirjinsa ya yi nauyi, ya zauna a kujera ya jingina da bango, shi ke nan.

Ranar uku da safe na sami Umma a kicin na gaya mata komai. Ta ajiye ludayi.

"Inna lillahi. Ke kuwa me ya kai ki?" Ta leƙa ƙofa ta rage murya. "Ki bari a tashi daga zaman nan. Abbanki ya sami Kyaftin a keɓe. Kina jin abin da ake faɗa a kan Yaya, yanzu za ki zubar masa da shi a gaban mutane?"

"A keɓe za a ce me?"

Hajiya ce a bakin ƙofa, da carbi a hannu. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta ce, "A keɓe Abbanta zai je ya ce a ɗan sake duba wutsiya, Balaraben nan ya ce halas. Kun ji shi jiya. Ran mutum ne. Ke, ɗauko abayarki."

Bayan la'asar, da aka ce Kyaftin ya zo, Hajiya ta riƙe hannuna har bayan ƙofar falo. Tana takaba, ba za ta fita ba. Ta buɗe ƙofar kaɗan, ta tsaya a bayana, tafinta a tsakiyar bayana. Na yi sallama. Na yi magana da Larabci, wanda kusan kowa a wurin yana ji. Na faɗi goma sha huɗu, na faɗi biyar, na faɗi tara. Na faɗi katakon.

Can Kyaftin ya ce, "Ya binti, 'yata, na ji. Amma Mu'allim ya duba bayanki."

"Bai duba ba."

"Mu'allim? Bai duba ba?"

Tsohon direban nan na Maraɗi ya yi ƙoƙarin yi masa bayani, cewa sunan mahaifiyarsa gare ta, a wurinmu mutum ba ya tuhumar mai sunan uwarsa. Kyaftin ya ce, "Amma ai ba uwarsa ba ce." Direban ya ce, "Eh, ba ita ba ce." Na ji wani daga matakala ya ce a hankali da Hausa, "Ashe shi ma yana barin wani wurin." Wannan maganar har yau tana kunnena.

Washegari Abba ya kai ni siton. Kyaftin ya kwance murfin da kansa, ya haska. Ya matsa ya ba ni wuri. Biyar na farko suna nan daram. Cikin taran, shida sun saki. Suna rataye a jikin wayoyin kamar 'yan kunne, damin wayoyin kuma ya sauko ya kwanta a kan igiyar ƙarfen. Jirgin bai taɓa tashi ba, gwajin inji kawai aka yi masa a ƙasa, amma har igiyar ta fara cin rigar waya ɗaya, wurin ya yi fari.

Kyaftin ya zauna a kan wani akwati ya cire tabarau. Na jira ya yi mini faɗa irin wanda ya yi wa Kawu a kan na'urar sanyi. Da ya yi, da na ji sauƙi. Sai ya ce da Abba, "Ka gaya wa matar Mu'allim na gode." Sannan ya dubi jirgin tun daga hanci har jela ya ce, "Yanzu dole in buɗe duka."

Ya fasa tashin Asabar. Mako shida ya yi yana kwance duk abin da Kawu ya rufe da hannunsa, fiffike biyu, bayan allon agoguna, ƙarƙashin kujeru. Kowace yamma Abba yakan biya ta Sulai ya kawo labari, ya tsaya a bakin ƙofar Hajiya ya faɗa. Fiffiken hagu lafiya. Bayan allo lafiya. Hajiya takan ce, "To." Ranar da ya zo ya ce an gama, ba a sami ko ɗaya da ta motsa ba, ko wutsiyar maɗauri ɗaya mai kaifi, sai ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Shekara talatin da ɗaya, in na kulle ƙofa sai ya tashi ya taɓa. In na kashe gas sai ya je ya murɗa. Har faɗa mun yi a kai. Ke kaɗai ya ƙyale a duniya." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, muka yi kukan da ban samu na yi ba ranar da ya rasu.

Labari ba ya tafiya da dukan kayansa. Abba ya ce a Sulai yanzu ana cewa an buɗe jirgin Mu'allim an sami wayoyi a zube. Wasu sun san sauran zancen, da yawa ba su sani ba. Shi ya sa na rubuta wannan, da Hausar da shi ya fi ji, ba da Larabcin waƙoƙina ba. Duk wanda ya karanta, in ya ji ana faɗa a wurin shan shayi ko a bakin warsha, don Allah ya gyara musu. Kujeru shida ne suka saki, kuma 'yar ƙanwarsa ce ta manna su. Nasa duka suna nan inda ya zaunar da su.

Ya Allah, bawanka ya zo maka daga ƙasar da ba tasa ba, da tabo a damtse. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi. Ka karɓi aikinsa yadda ya karɓi maganata, ba tare da bincike ba. Shi ya cancanta.